Hanci Bai San Daɗin Gishiri Ba, Amma Sukari Ne Jagoransa

A shekarar 1856, wani matashin likita ɗan ƙasar Sifaniya mai suna Aureliano Maestre de San Juan ya feɗe gawar wani mutum ɗan shekara 40 domin bincike. Da ya buɗe ƙoƙon kai ya ɗaga ƙwaƙwalwa, sai ya ga wani gurbi wayam. A ƙasan ƙwaƙwalwar kowane mutum, daidai saman hanci, akwai wasu 'yan ƙullutai biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, waɗanda duk saƙon ƙanshi da wari ke fara sauka a kansu. Wannan bawan Allah ba shi da su. Ba ciwo ne ya cinye su ba, ba kuma rauni ba. Tun fil azal ba su fito ba. Da likitan ya duba sauran jikin, sai ya ci karo da abu na biyu: gaban mutumin da 'ya'yan marainansa ƙanana ne, irin na yaron da bai balaga ba.

Maestre ya rubuta abin da ya gani a mujallar likitoci ta El Siglo Médico, ya ajiye alƙalami. Bai san me ya haɗa hanci da balaga ba, kuma babu wani mai rai a zamaninsa da ya sani. Daga baya ya zama farfesan nazarin sassan jiki da madubin likita a Madrid, kuma a ɗakin bincikensa ne, a 1877, wani ɗalibi mai suna Santiago Ramón y Cajal ya fara ganin yankakken naman jiki a ƙarƙashin madubin. Ɗalibin nan shi ne ya gano, a 1890, cewa zaren jijiya mai girma a jikin ɗan tayi yana da wani baki mai faɗi a gabansa, da shi yake lalube yana neman hanya. Malami ya bar tambaya, ɗalibi ya samo rabin makamin amsa ta, babu wanda ya san haka a cikinsu.

Sai da aka yi shekara 155 kafin a bi zaren nan har ƙarshensa. Inda kuwa ya ɓulla, babu wanda ya zata: a kan sukari.

Abin gado ne

A 1944, a birnin New York na Amurka, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Franz Kallmann, wanda ya baro Jamus a 1936 saboda mulkin Nazi, ya bayar da rahoto shi da abokan aikinsa biyu a kan iyalai uku. A cikinsu akwai mutanen da suka girma ba su balaga ba, kuma yawancin waɗannan ba sa jin ƙanshi ko wari. Tunda abin yana bin dangi, Kallmann ya ce gado ne. Sunansa cutar ke amsawa har yau. Shekara goma bayan haka, wani likitan Suwizalan, Georges de Morsier, ya tattara rahotannin gawarwaki masu irin wannan hali, ya nuna cewa rashin ƙullutan ƙanshi da rashin balaga tafiyarsu ɗaya.

Cutar ba ta da yawa. Wata ƙidaya da aka yi a ƙasar Finlan ta nuna tana samun namiji ɗaya cikin 30,000, mace ɗaya cikin 125,000. Wanda duniya ta fi sani da ita shi ne mawaƙin nan Ba'amurke Jimmy Scott, wanda aka haifa a Cleveland a 1925, ya rasu a 2014. Muryarsa ba ta taɓa buɗewa ba, har masu sauraron faifansa na farko suka ɗauka mace ce. Yana ɗan shekara 37 ya ƙara tsawo da inci 8, domin sinadaran balaga ne ke rufe bakin ƙashi su tsayar da girma, shi kuwa nasa ba su rufe da wuri ba.

A 1971 aka warware rabin matsalar. Ɗakunan binciken Andrew Schally da Roger Guillemin, biyu masu gasa da juna a Amurka, suka gano sinadarin da ke kunna balaga, wanda ake taƙaita sunansa da GnRH. Wasu ƙwayoyin jijiya ne ke yin sa a can ƙasan ƙwaƙwalwa, kuma ba su da yawa ko kaɗan: kimanin 800 a ɓera, 'yan dubbai a mutum. Ba kwararo shi suke yi ba, ɗigo shi suke yi lokaci bayan lokaci. Ɗigon nan ne ke tayar da wani ɗan ƙullutu da ke rataye a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, shi kuma ya aika wa maraina ko mahaifar ƙwai umarnin su kama aiki. Masu cutar Kallmann wannan sinadari ne ba su da shi. To, an ji dalilin rashin balaga. Amma ina ruwan hanci?

Baƙi daga hanci

Amsar ta fito a 1989, daga Jami'ar Rockefeller da ke New York. Marlene Schwanzel-Fukuda da Donald Pfaff suka ɗauki 'yan tayin ɓera na kwanaki daban-daban, suka rina ƙwayoyin da ke yin GnRH da launi don su ga inda suke fara bayyana. Cikin ɓera kwana 20 ne ko kusa da haka. A wajen kwana na 11 suka ga ƙwayoyin, amma ba a ƙwaƙwalwa ba. A hanci suke. Kwana ɗaya, biyu, sai ga su sun jeru suna hawa ta bangon da ya raba kafofin hanci, suna bin zaren jijiyoyin da suka riga su yin gaba. Kafin kwana na 16 yawancinsu sun shige ƙwaƙwalwa sun kama mazauni. A shekarar nan dai wata mai bincike, Susan Wray, da abokan aikinta suka ga abu ɗaya ba tare da haɗa baki da su ba. Ashe ƙwayoyin da ke riƙe da makullin balaga baƙi ne a ƙwaƙwalwa. A hanci aka haife su. A ɗan Adam, tafiyar tana somawa ne wajen mako na shida na ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar tana da juna biyu ba.

Saura a ga abin da ke faruwa idan tafiyar ta ɓaci, kuma shekarar ba ta ƙare ba sai da aka gani. Wani masanin cututtukan gado, David Bick, ya haɗa Schwanzel-Fukuda da Pfaff da gawar wani ɗan tayi namiji mai mako 19, wanda aka san wani yanki na jigidar gadonsa ta X ya gutsure. Tsakanin hanci da ƙwaƙwalwa akwai wani siririn ƙashi mai huji-huji, ta nan jijiyoyin ƙanshi ke ratsawa. A jikin wannan tayi, jijiyoyin sun ratsa ƙashin lafiya, amma daga nan suka tsaya suka cukurkuɗe, ba su shiga ƙwaƙwalwa ba. Ƙwayoyin GnRH kuwa ga su nan jibge a hanci da kan ƙashin, sun iso bakin ƙofa, hanya ta ƙare. A cikin ƙwaƙwalwa babu ko ɗaya. Ƙullutan ƙanshi ma babu su.

Nan aka gane cewa rashi biyun da Maestre ya gani rashi ɗaya ne. Idan jijiyoyin hanci ba su haɗu da ƙwaƙwalwa ba, ƙullutan ƙanshi ba sa ginuwa daidai, ƙwayoyin balaga kuma ba su da abin bi. Sai tambayar ta sauya: me ke nuna wa jijiyar hanci hanya?

Tambaya ce mai nauyi, kuma shekarun da suka biyo baya sun ƙara mata nauyi. A 1991, Linda Buck da Richard Axel na Jami'ar Columbia suka gano dangin ƙwayoyin gado masu ƙera makaman ƙanshi, wato furotin ɗin da ke cafke ƙanshi a cikin hanci. Ɓera yana da iri kimanin 1,000, mutum kimanin 400. Wannan aiki ya ba su kyautar Nobel a 2004. Kowace ƙwayar jijiya a hanci iri ɗaya tak take zaɓa. Masu iri ɗaya kuma ba a wuri ɗaya suke zaune ba, a warwatse suke cikin miliyoyin 'yan'uwansu. Amma a 1996 Peter Mombaerts ya samar da ɓeran da masu iri ɗaya kaɗai ke rinuwa da shuɗi a jikinsa, sai aka ga abin mamaki: dubban zarurruka daga sassa daban-daban na hanci suna tahowa, suna matsowa kusa da juna, har su haɗu a wasu 'yan matattarai guda biyu a kan ƙullutun ƙanshi, alhali ƙullutun yana da irin waɗannan matattarai wajen 1,800. Kuma a kowane ɓera wurin haɗuwar kusan ɗaya ne.

Ba a ciki kaɗai ake wannan aiki ba. Tun shekarun 1970 Pasquale Graziadei da Ariella Monti Graziadei suka nuna a Florida cewa jijiyoyin hanci suna mutuwa ana sake sababbi muddin rai. Kowace sabuwa sai ta miƙa zarenta ta ƙashin nan mai huji, ta nemo matattararta. Yanzu haka da kake karatun nan ana yin wannan a hancinka.

Tsagar fuska

Babu ƙwayar halitta a jikin mutum da ke zaune tsirara. Kowace tana lulluɓe da gashin sukari. Ba sukarin shayi ba, danginsa: ire-ire wajen goma, ana ɗaura su baki da baki a yi sarƙoƙi, wasu miƙaƙƙu wasu masu rassa, a maƙala su a jikin furotin da kitsen da ke fatar ƙwayar. Duk abin da zai taɓa ƙwaya, da sukarin nan zai fara gaisawa.

A da, kafin baƙo ya buɗe baki, an san Bagobiri ne ko Babarbare daga tsagar fuskarsa. Sarƙoƙin sukari su ne tsagar ƙwayoyin jiki, kuma su ma akwai wanzamansu. Ƙwayoyin gado ba sa rubuta sarƙar kai tsaye yadda suke rubuta furotin. Abin da suke yi shi ne ƙera enzayim, kowanne da aikinsa guda: wannan ya ɗora sukari kaza, wancan ya ƙara wani a kansa. Idan aka rasa wanzami ɗaya, tsagar ta sauya.

Kowa ya san misalin wannan, ko da bai san sukari ba ne: rukunin jini. Karl Landsteiner ya gano rukunonin a 1901, amma sai a farkon shekarun 1950 Winifred Watkins da Walter Morgan suka nuna a Landan cewa bambancin na sukari ne. Mai jinin O sarƙarsa ta tsaya a wani matsayi. Mai A an ƙara masa sukari ɗaya a baki, mai B an ƙara masa wani daban. Ƙwayar sukari guda ita ce ke raba jinin da zai ceci mutum da wanda zai kashe shi.

Abin da ake karanta wannan tsaga da shi daga tsirrai aka same shi. A 1888 wani ɗalibi, Hermann Stillmark, a jami'ar garin da yau ake kira Tartu a Istoniya, ya ga ruwan 'ya'yan zurma yana sa jajayen ƙwayoyin jini su dunƙule. Daga baya aka gane cewa 'ya'yan tsirrai da yawa, musamman dangin wake, suna da furotin mai kama sukari, kowanne da irin wanda yake kamawa. Ana kiran su lektin. Ɗaya daga cikin waɗanda ake amfani da su a ɗakunan bincike ana tatso shi ne daga 'ya'yan Griffonia, wani tsiro mai yaɗo na dazukan Ghana da Togo. Idan aka maƙala wa lektin launi aka zuba a kan yankakken nama, duk inda sukarinsa yake sai wurin ya rinu.

A 1986, a Ostareliya, Brian Key da Piero Giorgi suka zuba lektin na waken suya a kan ƙwaƙwalwar wani kwaɗon ruwa na Afirka. Jijiyoyin hanci suka rinu tun daga hanci har matattaransu, sauran ƙwaƙwalwa kuwa ta zauna fara. Da aka gwada wasu lektin a ɓera, sai aka ga kowanne da rukunin jijiyoyin da yake kamawa: wani ya kama waɗannan ya bar waɗancan. Jijiyoyin hanci dai ba tsagarsu ɗaya ba. Har sukarin rukunin jini, na A da na O, an same su a jikinsu.

Ganin alama daban, sanin amfaninta daban. Sai aka shiga cire wanzaman ɗaya bayan ɗaya. A 1996 ɗakin binciken Key ya duba ɓerayen da ba su da galektin na ɗaya, wani furotin na jiki mai kama sukari wanda ke shimfiɗe a kan hanyar jijiyoyin, yana tara masu alama ɗaya dami guda. Wani rukunin jijiyoyi ya kasa kaiwa mazauninsa a bayan ƙullutu. A 2006 James St John da Key suka taɓa sukarin rukunin jini: da aka cire na O, ginin ƙullutu ya yi jinkiri, da aka sa duk jijiyoyin suka ɗauki na A, wasu suka ɓace hanya.

Gwajin da ya fi girgiza masana shi ne na Timothy Henion da Gerald Schwarting a Massachusetts, a 2005. Sun duba ɓerayen da aka cire wa enzayim ɗin da ke tsawaita sarƙar laktosamin, wani ɗan'uwan sukarin da ke cikin nono. Jijiyoyin suka iso bakin ƙullutu suka yi cirko-cirko, matattarai da yawa ba su ginu ba, jariran ɓerayen kuma jin ƙanshinsu ya yi rauni. Da suka girma sai jiki ya samo wata hanyar yin sukarin, jijiyoyi suka sake kutsawa, jin ƙanshi ya dawo. A 2011 masu binciken nan suka gano inda gizo ke saƙar. A cikin jijiyar hanci akwai wani furotin, AC3, wanda ke mayar da kamun ƙanshi ya zama saƙo, kuma ƙarfin saƙon nan ne ke gaya wa jijiyar inda za ta nufa. Furotin ɗin yana ɗauke da dogayen sarƙoƙin laktosamin. Da aka raba shi da su, aikinsa ya faɗi warwas. Sukarin ba shaida ce kawai ta waje ba, har cikin injin yana da hannu.

Sukarin da ke sa santsi

Akwai wani sukarin da aikinsa ba shaida ba ne. A jikin ƙwayoyin jijiya akwai wani furotin mai danƙo, NCAM, wanda ke manne ƙwaya da ƙwaya. A farkon shekarun 1980 wani ɗan Finlan, Jukka Finne, ya gano cewa a ƙwaƙwalwar ɗan tayi wannan furotin yana jan wata doguwar sarƙa ta sukari iri ɗaya da aka jera gomomi, ana kiranta folisiyalik. Sarƙar tana jawo ruwa ta kumbura, tana kuma tunkuɗe 'yar'uwarta da ke jikin ƙwayar maƙwabciya. Saboda haka danƙon ba ya kamawa, ƙwaya ta samu damar zamewa ta wuce. Bayan haihuwa, da gini ya kammala, sai sarƙar ta ɓace daga mafi yawan ƙwaƙwalwa. Cikin 'yan wuraren da take saura har girma akwai hanyar ƙanshi, inda gini ba ya ƙarewa.

A 1994 Harold Cremer da abokan aikinsa a Jamus suka samar da ɓeran da ba shi da NCAM sam. An zaci ba zai rayu ba. Ya rayu, ya hayayyafa, amma ƙullutun ƙanshinsa ya ragu da kashi 36 cikin ɗari. Dalili kuwa, akwai sababbin ƙwayoyin jijiya da ake haifa a tsakiyar ƙwaƙwalwa, su yi jerin gwano zuwa ƙullutun, sai suka maƙale a hanya. To, rashin danƙo ne ko rashin sukari? Ɗakin binciken Urs Rutishauser ya raba gardama a shekarar. Suka aro enzayim daga wata ƙwayar bairas mai cin bakteriya, wanda aikinsa yanke wannan sarƙa kaɗai, suka yi wa jariran ɓeraye masu lafiya allurarsa. Furotin yana nan, sukari ya tafi, ƙwayoyin suka maƙale. A 1999 aka yi irin wannan aski ga 'yan tayin ɓera, sai kusan rabin ƙwayoyin GnRH suka gaza kammala hawansu daga hanci. A 2005 kuma masu bincike a Hannover suka cire enzayim biyun da ke ƙera sarƙar: yawancin ɓerayen suka mutu kafin su cika wata. Da aka haɗa da cire NCAM ɗin kansa, sai suka rayu. Danƙon da ba a rufe ba ya fi rashin danƙo illa.

Wannan sukari ya shafe mu ta wata fuskar. Ƙwayar cutar sanƙarau tana sanye da rigar sukari, kuma da irin rigar ake raba ta rukuni-rukuni. Rukunin A shi ne ya yi mummunar ɓarna a ƙasashenmu a 1996. Sukarinsa baƙo ne ga jikin mutum, shi ya sa aka iya yin rigakafin MenAfriVac da shi, wanda aka ƙaddamar a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ya kuma karya lagon rukunin. Rukunin B kuwa, wanda ya fi damun Turai, rigarsa folisiyalik ce, irin ta ƙwaƙwalwar jariri sak. Finne ya yi gargaɗi a kan haka tun 1983. Garkuwar jiki tana ganin rigar ta ɗauka ɗan gida ne, ta ƙyale. Dole aka bar sukarin aka koma kan furotin na ƙwayar cutar, kuma sai a 2013 Turai ta amince da irin wannan rigakafi mai faɗi.

Abin da tsutsa ta faɗa

Duk wannan a ɓera da kwaɗo ne. Mutum fa?

A 1991 ɗakunan bincike biyu, na Christine Petit a Faransa da na Andrea Ballabio a Amurka, suka gano ƙwayar gadon da ke cikin yankin nan na jigidar X da ya gutsure, aka sa mata suna KAL1. Namiji X ɗaya gare shi, ba shi da ta biyu da za ta rufa masa asiri, wannan na cikin dalilan da suka sa cutar ta fi kama maza. Furotin ɗin da take ƙerawa ba a cikin ƙwaya yake zama ba, fita yake yi ya manne a bayanta. Amma kaso kaɗan ne na majinyata ke da matsala a KAL1. Sauran fa?

Wanda ya buɗe ƙofar wata 'yar tsutsa ce mai zama a ƙasa da ruɓaɓɓun 'ya'yan itace, tsawonta milimita ɗaya, ƙwayoyin jijiyarta duka 302. Ba ta da hanci, ba ta da ƙashi, amma tana da irin tata KAL1. A Jami'ar Columbia, Hannes Bülow da Oliver Hobert suka sa wata jijiyar tsutsar ta riƙa yin furotin ɗin fiye da kima, sai jijiyar ta tsiro reshen da ba nata ba. Daga nan suka lalata ƙwayoyin gadon tsutsotsi masu yawa barkatai, suna neman wadda reshen zai ɓace a jikinta, domin duk abin da rashinsa ya hana KAL1 aiki, abokin aikinta ne. Suka samu. Abin da ya lalace enzayim ne mai ɗora ɗigon farar wuta a wani gurbi na musamman a kan sarƙar sukarin da ake kira hefaran salfet, 'yar'uwar hefarin da ake yi wa majinyata allura don hana jini daskarewa. A rahotonsu na 2002 suka ce a je a duba irin waɗannan ƙwayoyin gado a jikin masu cutar Kallmann.

A 2003 Catherine Dodé da Jean-Pierre Hardelin a Paris suka gano ƙwayar gado ta biyu, FGFR1, wadda ke ƙera makamin karɓar wani saƙon girma. Tun 1991 kuwa an san cewa wannan saƙo ba ya kama makaminsa sai hefaran salfet ya riƙe su biyun. Alamu biyu ke nan suna nuna wuri ɗaya.

A 2011 Bülow da likitocin Boston, ciki har da Nelly Pitteloud, suka binciki majinyata sama da 300 masu rashin GnRH. A kimanin biyu cikin ɗari suka samu tangarɗa a HS6ST1, wato takwarar enzayim ɗin tsutsar a jikin mutum. Suka ɗauki gurɓatattun enzayim na mutanen suka sa wa tsutsa, suka ga lallai aikinsu ya ragu. Binciken ya nuna wani abu kuma: a cikin dangi ɗaya, wani yana ɗauke da tangarɗar amma lafiyarsa ƙalau, wani kuma sai da ta haɗu da ta biyu a wata ƙwayar gado, kamar FGFR1, sannan cutar ta bayyana. Yau an san ƙwayoyin gado fiye da 20 masu hannu a rashin GnRH, da yawansu a kan hanyar nan ta hanci zuwa ƙwaƙwalwa suke aiki.

Me wannan ya amfana wa mai cutar? Tafiyar da ta ɓaci a ciki ba ta gyaruwa, kuma har yanzu babu maganin da ke dawo masa da jin ƙanshi. Amma balaga tana samuwa. Ana bai wa namiji sinadarin maza, mace na mata, jiki ya buɗe, ƙashi ya yi ƙwari. Idan ana neman haihuwa, akwai allurai masu tayar da maraina ko mahaifar ƙwai, akwai kuma 'yar na'urar da ke ɗiga GnRH a ƙarƙashin fata duk bayan awa ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma da yawa sun haihu ta haka. Wani bincike na 2007 ya nuna cewa kimanin ɗaya cikin goma na mazan da aka yi wa magani, jikinsu yakan ci gaba da aikin da kansa bayan an daina.

Abin da ke wahala shi ne gano cutar. Wanda aka haifa ba ya jin ƙanshi bai san ya rasa komai ba, jinkirin balaga kuma abu ne da kunya ke sa a ɓoye, ko a ce a ƙara haƙuri, ko a jingina shi ga sammu. Yawancin masu jinkiri lafiyarsu ƙalau, lokacinsu ne bai yi ba. Amma idan yaro ya kai shekara 14, ko yarinya 13, babu alamar komai, ya kamata a ga likita. Kafin a tafi, a rufe masa ido a kai masa turare ko daddawa kusa da hanci, a tambaye shi me ya ji. Idan ya ce bai ji komai ba, a gaya wa likitan wannan tun kafin ya tambaya.